Kasuwa da Makaranta da Ɗakin Amarya

 Maganar wannan mako a kan zaman yaran nan ne da ake aurarwa alhali ba su gama karatu ba, ango yana kasuwa yana makaranta, amarya tana makaranta tana ɗaki. Maganar kuwa ta fi shafar mutum biyu, watau malamin da ya ɗaura auren da attajirin da ya biya sadakin.

In watan Rajab da Sha'aban suka kama, ba a rasa ɗaurin aure a ƙofar masallaci ko a ƙofar gida kowace Juma'a da Asabar. A yi fatiha, a raba goro da alewa, mata su kai amarya da guɗa, a watse. Daga ranar nan kowa ya tafi sha'aninsa. Ana tambayar akwati nawa aka kai na lefe, ana tambayar irin gadon da uban amarya ya saya, amma da wuya a sami wanda ya zauna ya tambayi yadda mutum biyun nan za su raba sa'a 24 da ke cikin yini da dare, alhali kuwa a kan wannan rabon ne yawancin rigimar shekarar farko take tashi.

Ga misalin waɗansu ango da amarya a Kano, waɗanda ba a buƙatar faɗin sunansu, gama kowane mai karatu yana da irinsu a cikin danginsa ko a rumfarsa. Shi shekararsa 27, yaron shago ne a Kantin Kwari wajen wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda. Ya sauke Alƙur'ani tun yana ƙarami, yanzu kuwa yana neman takardar ilmin lissafin kuɗi a ajin Asabar da Lahadi. Ita shekararta 20, tana aji biyu a kwalejin horon malamai, tana kuma haɗa turaren wuta da humra tana sayarwa ta waya domin ta sami kuɗin mota da na takardu. Ciki da falo suka kama haya can bayan Rijiyar Lemo, domin hayar cikin gari ta fi ƙarfinsu.

Amarya takan tashi tun kafin kiran salla na farko. Ta hura gawayi in iskar gas ta ƙare, ta ɗora abin karin kumallo, ta ɗora na rana a lokaci guda ta zuba a kula, domin ba za ta dawo ba sai La'asar. Shi kuma in an sallame Asuba sai ya tsaya a zauren malam ya ɗauki darasinsa na Risala, bai shigo gida ba sai rana ta fito. Kafin ya gama shan koko ita ta yafa hijabi ta ɗauki jaka, domin mota biyu za ta shiga kafin ta isa makaranta, malamin ƙarfe 8 kuwa ba ya jiran kowa. Ango ya kulle ɗaki ya nufi kasuwa. A can zai buɗe shago, ya share, ya jera turame, ya karɓi dila daga hannun 'yan dako, ya auna yadi, ya yi ciniki da baƙin Nijar da Chadi da Kamaru, ya bi bashi, ya kai kuɗi banki. In an rufe shago gab da Magariba ba gida zai nufa ba, sai ya biya gidan Alhaji a yi lissafin yini. Ya shiga cunkoson hanyar Katsina, ya sauka a bakin unguwa bayan Lisha, abokai su kira shi majalisa ya ɗan zauna don kada a ce aure ya ɓoye shi. Sa'ad da ya yi sallama a ɗaki, tuwo ya huce, amarya ta yi barci a kan takardunta, ko kuwa tana zaune fuskarta a haske da waya tana amsa wa masu sayen turare. Ya ci abinci, shi ma ya ɗauki tasa wayar. Asabar da Lahadi kuwa, da safe yana aji, da rana yana shago, ita tana wanki da markaɗe da zuwa biki ko suna, wanda in ba ta je ba dangi su ce girman kai gare ta.

To, 'yan kasuwa ma'abota lissafi ne, sai su buga wannan. Kasuwa da hanya sun ɗauki sa'a 12 ko 13. Barci ya ɗauki 6. Masallaci da zaure sun ɗauki 2. Majalisa da waya sun kwashe abin da suka iya kwasa. Abin da ya rage wa matar da aka karɓo da amanar Allah bai cika sa'a guda ba, ita ma sa'ar gajiya ce, wadda mutum bai da sauran magana mai daɗi a bakinsa. Da a shago ne aka sami abokin tarayya wanda ba a ba shi sai ƙyallen da ya rage a ƙarshen bandir, da tuni ya kai ƙara wajen shugabannin kasuwa.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma rigimar ba ta fara da babban abu. Lokacin jarrabawa ya zo, amarya ta makara, ango ya dawo da baƙo ya tarar ba a sauke tukunya ba. Maganar ta kai kunnen uwar miji, ta ce, "Ai taura biyu ba ta taunuwa. Ko aure ko boko." Ango ya shiga tsakanin uwa da mata, ga gajiya, ga kunyar baƙo, sai ya zaɓi abin da ya fi sauƙi a bakinsa, ya ce a ajiye karatun tukuna. Amarya ta ce, "Malam, ba haka aka yi da Baba ba." Daga nan sai yaji, sai biko, in Allah bai kiyaye ba sai takarda. Mutanen Kano sun san nauyin wannan abu, tun da yawan zawarawa ne ya sa gwamnati da Hisba suka fara aurar da su a taro a 2012, a watan Oktoba na 2023 kuma aka ɗaura aure 1,800 a rana guda. Ɗaura auren zawarawa alheri ne babu shakka, amma tsare auren fari daga mutuwa ya fi shi araha.

Dattawa sukan ce su ma sun yi kasuwa sun yi karatu da aure a kansu, ba a ji kansu ba. Gaskiya ne, amma zamanin ya sake. Mutumin da rumfarsa take Kasuwar Kurmi, gidansa yana Ƙoƙi ko Bakin Zuwo, da ƙafa yake zuwa, da Azahar yana iya leƙa gida, malaminsa kuma yana zauren da ke maƙwabtaka da shi. Amaryarsa a babban gida aka ajiye ta, ga uwar miji, ga facaloli, ga 'yan yara masu aike, girki ma kwana-kwana ne. Ko falke da yake tafiya Gwanja ya yi watanni, cikin mutane yake barin matarsa. Amaryar yau kuwa ita kaɗai ce a gidan haya, ba mai miƙa mata ko ludayi, ruwa sai ta tare ɗan ga-ruwa, wutar lantarki sai ranar da ta ga dama. Gari ya yi faɗi, hanya ta yi nisa. Tun da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairu na 2013, talaka ya koma ga A Daidaita Sahu da bas, tun kuma da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya zama abin da ake lissafawa tare da cefane. Ango ba shi da halin zuwa gida da rana ya komo, ko da Alhaji ya yarda.

Karatun ma ya yi tsawo. A dā yarinya takan yi sauka ko ta gama firamare a yi mata aure, magana ta ƙare. Yanzu sakandare shekara 6 ce bayan firamare, kwalejin malamai 3, jami'a 4 ko fiye, ban da ranakun da ake rufe makarantu, kamar yajin aikin malaman jami'a na 2022 wanda ya ci wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Uban da ya ce sai 'yarsa ta gama zai aurar da ita yana jin tsoron abin da zai faru kafin ta gama, wanda kuma ya ce sai aure kawai yana jin tsoron ranar da za ta dawo masa da 'ya'ya ba sana'a ba takarda. Saboda haka aka tsaya a tsakiya, ana ba da aure bisa alkawarin za ta ci gaba da karatu a ɗakinta. Wannan shawara ce mai kyau, da a ce ana riƙe ta.

A nan ne maganar ta zo kan malamai. Sanannen abu ne a mazhabar Imamu Malik cewa sharaɗin da aka gindaya a wajen ɗaurin aure, wanda ƙullin auren bai hukunta shi ba kuma bai warware shi ba, alƙali ba ya tilasta miji a kansa sai in an rataya shi da rantsuwa ko an mallaka wa matar al'amarinta, amma cika shi mustahabbi ne. Waɗansu samari sun ji rabin farko na wannan mas'ala sun riƙe, sun manta da rabin ƙarshe. Suna cewa ai shari'a ba ta ɗaure su ba. To, in alƙali bai kama mutum ba, saɓa alkawari ya tashi daga cikin alamomin munafunci ke nan? Uban yarinya ya ba da 'yarsa ne a kan maganar da aka faɗa masa a gaban shaidu, da bai ji ta ba da wataƙila bai bayar ba. Malamin da ya shafa fatiha a wurin yana cikin shaidun nan. Ya kamata tun a ranar ya tambayi ango a fili, wa zai biya kuɗin makaranta, wa zai biya na mota, in jarrabawa ta zo yaya za a yi da girki, in haihuwa ta zo wa zai riƙe jariri. Tambayoyin nan ba su da daɗin ji a ranar farin ciki, amma sun fi sauƙi a ranar fiye da ranar biko.

Har wa yau, littattafan mazhaba, kamar Muhtasar na Shaihu Halil, sun bayyana cewa hidimar cikin gida irin su kwaɓa da shara da shimfiɗa tana kan mace idan mijin ba mai wadata ba ne ko ita ba ta cikin waɗanda ake yi wa hidima, amma aikin neman kuɗi irin su kaɗi da saƙa ba ya kanta. Ashe ke nan kuɗin turaren amaryar nan nata ne halak malak, ciyarwa da tufatarwa da wurin kwana kuwa suna wuyan ango. Duk da haka a gidaje da yawa kuɗin nan shi ke sayen magi da manja in wata ya yi nisa. In ta taimaka masa da abin da bai wajaba a kanta ba, mene ne abin kunya in shi ya ɗebo ruwa ko ya sayo abinci a waje a makon jarrabawa? Ya tabbata a cikin Buhari daga Nana A'isha cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida har lokacin salla ya yi. Ana karanta hadisin nan a zaure, ana fassara shi da kyau, sa'an nan ɗalibi ya koma gida ya zauna yana jiran a kawo masa buta.

Masu cewa karatun matar aure baƙon abu ne a ƙasar nan sai su koma ga Nurul Albab na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, inda ya zargi malaman da suke karantar da ɗalibai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, matar aure ce a gidan Waziri Giɗaɗo, uwar 'ya'ya, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji masu kai ilmi ga matan ƙauyuka har cikin ɗakunansu. In an ce wancan ilmin addini ne, wannan kuwa boko ne, sai a ce to, mutumin da ya cire matarsa daga makaranta shi ne ranar naƙuda zai tsaya a ƙofar asibiti yana cewa shi likita mace yake so ta duba iyalinsa, shi ne kuma yake so malama mace ta karantar da 'yarsa. Likitan nan da malamar nan matan waɗansu ne, waɗanda suka haƙura da tuwo mai sanyi shekara da shekaru.

Amma mabuɗin yinin ango ba a hannun malam yake ba, yana aljihun ubangidansa. Al'adar kasuwa ce mai kyau attajiri ya ɗauki yaro tun yana ƙarami, ya koya masa ciniki, ya yi masa aure, daga baya ya ba shi jari ya sallame shi. Sai dai wannan alherin shi ne kuma yake ɗaure bakin yaron. Wanda aka biya masa sadaki aka haɗa masa lefe, da wane ido zai dubi Alhaji ya ce yana so ya tashi da wuri? Ba zai faɗa ba har abada. Alhaji ne zai fara. Attajirin da ya aurar da yaronsa sa'an nan ya riƙe shi daga hantsi har Lisha kwana 7 a mako, ya gina ɗaki ne da hannun dama yana zare azara da hagu.

Hanyar kuwa ba sabuwa ba ce. Imamu Buhari ya ƙulla babi a kan yin karɓa-karɓa wajen neman ilmi, ya kawo labarin Sayyadina Umar, sa'ad da yake zaune a Awali, gefen Madina, shi da wani maƙwabcinsa Ba'ansare. Yau wannan ya sauka zuwa majalisin Annabi, gobe wancan, wanda ya je ya kawo wa ɗan'uwansa abin da aka ji. Ba su bar neman abinci ba, ilmi kuma bai wuce su ba. Shagon da yake da yara biyu ko uku, me zai hana a yi musu haka? Yau wannan ya tashi da La'asar, gobe wancan. Lissafin dare kuma da ake tara yara a gidan Alhaji dominsa, yawancinsa yanzu yana cikin waya, ana iya yinsa a shago kafin a rufe. Cinikin da zai kuɓuce saboda yaro guda ya tafi da La'asar sau ɗaya a mako bai kai kuɗin da Alhajin nan zai kashe ba in auren ya mutu aka zo yin na biyu, gama shi za a sake duba.

Saura maganar hutu, wadda dattawa suke jin nauyin ambatonta kamar wani abin wasa. Makarantar allo, duk da tsananinta, tana ajiye alluna Alhamis da Juma'a, al'adar da ake dangantawa ga Sayyadina Umar. In almajiri yana da ranar wanki da wasa, yaya za a ce magidanci da matarsa ba su da ita? Labarin Salmanu da Abu Darda'i sananne ne. Salmanu ya ziyarci ɗan'uwansa ya tarar da matar gidan ba ta kula da adonta, ya tambayi dalili, ta nuna masa mijinta ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare. Salmanu ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya kwanta, ya tuna masa cewa jikinsa da iyalinsa suna da rabo a kansa, Annabi kuma ya gaskata Salmanu. In ibada ba ta zama hujjar tauye rabon mace ba, ina ga atamfa. Abu Dawuda kuma ya ruwaito tseren gudu da Annabi ya yi da Nana A'isha a halin tafiya, ta tsere masa a karo na farko, shi kuma ya tsere mata bayan shekaru.

Laifin yaran su kansu ba za a ɓoye shi ba. Ɗan lokacin da ya rage musu ba tare suke cinsa ba. Shi yana gidan kallon ƙwallo yana ɗaga murya a kan ƙungiyoyin Ingila da Sifen waɗanda ba su san da zamansa a duniya ba, ita tana WhatsApp da TikTok tana duban lefen waɗansu da ɗakunan waɗansu har nata ya fita daga ranta. Suna kan katifa guda, kowa yana hira da mutanen da ba sa ɗakin. In an ba ango yammacin Alhamis ya kai shi majalisa, bai cancanci a ba shi na biyu ba. Hutun da ake nufi ba sai da kuɗi ba. Ziyarar iyayenta ne tare da shi, ba ya sauke ta a ƙofar gida ya juya ba. Zuwa gidan zu ne bayan salla, ko sayo tsire a zauna a ci a faranti guda, ko ita ta ja masa baƙi a Alƙur'ani shi ya yi mata bitar takardunta.

Ango da amaryar Rijiyar Lemo dai ta yi yaji sau ɗaya, kwana 9, a tsakiyar jarrabawa. Malamin zauren da yake ɗaukar darasi ne ya je biko, shi ne kuma ya taka har shago ya gana da Alhaji. Alhaji ya ce shi a zamaninsa a rumfa yake kwana, malam ya ce ya sani, ya kuma tambaye shi mata nawa ya aura kafin uwargidansa ta yanzu ta zauna. Alhaji ya yi dariya bai amsa ba. Aka tsaya a kan ango zai tashi da La'asar ranar Alhamis, darasin Risala kuma ya koma kwana 3 a mako har ta gama shekararta. Alhamis ta farko ya iso gida rana ba ta faɗi ba, maƙwabta suka yi ta tambaya ko lafiya. Ya zauna a kan tabarma da takardunta a hannu yana karanto tambaya tana amsawa, rabin abin bai gane shi ba. Yanzu tana da ciki wata 5, haihuwar za ta faɗo ne kusa da lokacin da za a tura su koyarwar gwaji, uwar mijin kuwa ba ta ce za ta riƙe jaririn ba tukuna, ba ta kuma ce ba za ta riƙe ba. Yaro na biyu a shagon an sa ranarsa watan Sha'aban, ita ma yarinyar tana makaranta, kuma ya riga ya tambayi Alhaji ko ranar Talata tana da mai ita.